Waƙoƙi Biyu Daga Talgo

Masu riƙe da labarin ƙasar Kwarsana sun ce shekara goma sha biyu cur Sarki Tanimu ɗan Jatau ya yi a kan Dutsen Makwarwa, tun daga ranar da Galadimansa Arzika ya ci amanarsa ya ƙwace birni. Sarki ya fito da waɗanda suka zaɓi wahala tare da shi, suka hau dutse, suka gina fada da tsakuwa da laka. Kewar gida ta yi wa mutanen nan yawa har abin ya kan ba baƙo dariya. Sun sa wa mashigan dutsen sunayen ƙofofin Kwarsana, har da Ƙofar Marina, alhali babu karofi ko ɗaya a wurin. In ka ba su tuwo su ce dawar gida ta fi danƙo, in ka ba su ruwa su ce na gida ya fi sanyi. Yaran da aka haifa a dutsen sun san lungunan birnin da ba su taɓa gani ba, don yawan jin labarinsa.

A cikinsu duka babu wanda kewa ta ci kamar Magajiya Tasalla, yayar Sarki uwa ɗaya uba ɗaya, mace guda da ke da wurin zama a majalisa. Sai dai ita ba ta faɗa. Doguwar mace ce mai ƙarancin magana, wadda in ta dubi bafade sai ya tuna laifin da ya yi bara. Kewarta kuma kashi biyu ce. Akwai ta birnin da aka haife ta, akwai ta ɗanta na fari, Madaki Tunau, wanda Sarki ya tura da mutum ɗari huɗu ya riƙe garin Talgo a hayin gulbi.

Talgo shi ne gari na ƙarshe da ke kai wa Sarki hatsi da ƙarfe. Tafiyar kwana uku ce daga dutse, kuma hanya ɗaya ce tak, ta Mashigar Dorina, inda gulbi ke ratsawa tsakanin tuddai biyu masu duhuwa. Wata huɗu ke nan rundunar Arzika ta kewaye garin, ba shiga ba fita, ba kuma wanda ya ji ɗuriyar Madaki.

To, kowa ya san yadda uwa take da ɗan fari a ƙasar nan. Tun da ta haife shi Magajiya ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ana yaye shi aka ba goggonsa ta riƙe, kamar yadda aka saba. In ya zo gaisuwa bango take duba ta amsa. In an yabe shi a gabanta sai ta sa a kawo mata goro, ko ta tashi ta bar wurin. Ta kai kara matuƙa, har fadawa suka ɗauka da gaske ba ta san komai game da shi ba. Ba su san tana gane takunsa a cikin takun mutum ashirin ba. Ba su san shekara nawa ta yi tana tsayawa a bayan zana tana sauraron muryarsa in yana hira da abokansa ba. Son yaron nan take yi, so mai ciwo, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa.

Al'adar gidan sarautar Kwarsana ce, shugaban yaƙin da aka tsare ba ya aiko da takarda, don takarda ana kama ta a karanta. Waƙa yake tsarawa, kuma dole a kan tafiyar rayuwa, ba sunan gari, ba adadin mayaƙa. Manzo ya haddace ta, a ba shi zoben mai aike ya zama shaida. In waƙar ta zo da ƙarfin zuciya, ana nufin ina nan riƙe, ku kawo ɗauki. In ta zo da sallama, ana nufin al'amari ya ƙare, kada a zubar da jinin kowa domina. Sun yi imani mutum na iya ɓoye halin da yake ciki a zance, amma ba ya iya ɓoye shi a waƙa. Abin da suka manta shi ne, Arzika ma a gidan nan ya girma.

Ranar wata Talata, ranar da aka fara ganin shamuwa a kan kukar ƙofar fada, manzanni biyu suka iso, ɗaya da hantsi, ɗaya kafin rana ta take tsaka. Kowannensu ya ce daga Madaki yake, kuma dukansu an san su cikin mutanen da suka tafi Talgo. Sarki ya sa aka buga tambari, majalisa ta taru. Waziri Ladan ya zauna a dama, Barde Gojo a hagu, Magajiya a kan tabarmarta kusa da ginshiƙi, ta rufe kai da mayafi.

Aka fara shigo da na farko, sunansa Sodangi. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya miƙa zoben azurfa. Sarkin Dogarai ya karɓa ya kai gaban Sarki, kowa ya shaida na Madaki ne. Sarki ya ce, "Faɗi abin da aka ba ka." Sodangi ya gyara zama ya ɗaga murya:

"Duniya hanya ce, na ɗaura sirdi,
Ban waiwaya ba, idona na gaba.
In tudu ya tare ni in hau kansa,
In gulbi ya cika ba zan tsaya ba.
Ƙaya a ƙafa ba ta rage min sauri,
Rana a ka ba ta taɓa sa ni zama ba.
Wanda ya gaji ya kauce min a hanya,
Zangon da nake nufi ban kai shi ba.
Ku taso, maza, ku biyo sawuna,
Gobe tamu ce, jiya ba tawa ce ba."

Fada ta ɗauki kabbara. Barde ya buga ƙasa da dunƙule, wasu tsofaffi har da hawaye. Magajiya ba ta motsa ba, amma a ƙarƙashin mayafi zuciyarta ta yi tsalle, don wata huɗu ke nan tana roƙon Allah ya jiyar da ita haka.

Aka shigo da na biyu, sunansa Hankurau. A ƙasa ya zo, ƙafafunsa sun kumbura, da miki na kibiya a kafaɗa. Sarkin Dogarai ya miƙa hannu, Hankurau ya sunkuyar da kai.

"Allah ya ja zamanin Sarki, ba ni da zobe. Mu biyu Madaki ya aiko. Ɗan'uwan tafiyata shi ke riƙe da zobe, aka harbe shi a bakin gulbi, ni na faɗa ruwa na tsira da waƙa."

"Ƙarya yake, Allah ya ba ka nasara," in ji Sodangi. "Wannan gudu ya yi daga ganuwa tun watan jiya, har Madaki ya sa a neme shi."

Sarki ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce wa Hankurau shi ma ya faɗi tasa. Muryarsa a dushe take, sai da na baya suka matso:

"Mun taso ayari guda da hantsi,
Da yamma na duba, mun ragu a hanya.
Kowane zango da wanda muka bari,
Mu rufa masa ƙasa, mu ɗauki kaya.
Rijiyar farko ita ce mai daɗi,
Na sha ruwa da yawa ina tuna rijiya.
Na ɗauki nawa iyakar ƙarfi,
Ga inuwa, zan sauke, na gama tafiya.
Madugu, kar ka tsai da ayari don ni,
In kun isa ku gai da mutan gida gaba ɗaya."

Wannan karon babu wanda ya yi kabbara. Sarki ya daɗe yana duban zoben da ke hannunsa, sannan ya ce, "Mutum ɗaya, rana ɗaya, waƙa biyu. Ɗaya ta ce mu zo, ɗaya ta ce mu zauna. Waziri, kai ne ma'abocin karatu. Auna mana su."

Waziri Ladan tsoho ne mai son a jira shi. Ya shafa gemu, ya sa aka maimaita masa kowace sau biyu, sannan ya ce, "Allah ya ƙara wa Sarki imani, dukansu a kan hanya suke magana, amma ba hanya ɗaya ba. Ta farko ta mahayi ce, shi kaɗai a kan doki. Abin da ke gabansa tudu ne da gulbi da ƙaya, abubuwan da ake cin su da ƙarfi, kuma muryarta a sama take kamar ta mai kirari. Ta biyu ta mai tafiyar ƙasa ce a cikin ayari, da kaya a ka. Ba ta ambaci abin da ya tare shi ko sau ɗaya ba, abin da ke cin mai ita shi ne raguwar abokan tafiya. Ta farko tana cewa tafiya yanzu ta fara, ta biyu tana cewa ta ƙare. Ta wajen ƙira kuwa ta farko ta fi, babu baitin da ya yi ɗingishi a cikinta. Ta biyu ta yi tuntuɓe wuri biyu. Iyakar abin da karatu ya ba ni ke nan. Wadda ta fito daga bakin Madaki kuwa, Allah ne masani."

Barde Gojo bai bari ya rufe baki ba. Shi mutum ne da zama ke sa masa ciwon baya. Ya ce, "Zaki, ai Waziri ya yanke hukunci bai sani ba. Wa ya kai Madaki iya tsara waƙa a ƙasar nan? Mai kyawun ita ce tasa, ga kuma zobe ya shaida. Ta biyun nan waƙar kashe jiki ce. Arzika so yake mu naɗe hannu a kan dutse muna kuka, shi kuma ya cinye Talgo cikin kwanciyar hankali. Ga shamuwa ta sauka yau. Kwana goma in an yi ruwa a kudu mashiga ta cika, ko muna so ba mu ƙetarewa sai kaka. Na yi yaƙi bakwai kafaɗa da kafaɗa da Madaki, ban taɓa jin ya ce ya gaji ba. Mu bar ɗan gidan nan ya mutu yana duban hanya, da wane ido za mu dubi mutane?"

Majalisa ta bi Barde. Waziri ya ɗan juya wajen ginshiƙi kamar zai yi magana, Barde ya gane, ya rage murya ya ce, "Waziri, kada a ɗora wa Magajiya nauyin da ba nata ba. Wadda ba ta taɓa zama da shi ta ji zancensa ba, me za ta ce?" Aka gyaɗa kai, kowa yana ganin an yi mata ladabi.

Sarki ya ce a je a yi azahar, a dawo da la'asar. In ba a sami wata magana ba, za a buga tambarin yaƙi, mutum dubu uku su tashi gobe su bi Mashigar Dorina.

Magajiya ta koma ɗakinta ta sallami kuyangi. Ta zauna a bakin gado cikin zafin rana tana maimaita waƙoƙin nan, don ji ɗaya ta yi musu suka zauna mata. Ta so ta farko ta zama gaskiya, ta so ƙwarai. Ta riƙa juya ta tana neman ɗanta a ciki, ta kuwa same shi, amma ba na yanzu ba. Saurayi ta samu ɗan shekara goma sha tara, wanda ke sukuwa a ƙofar fadar Kwarsana har dattawa suna yi masa faɗa. Da ta juya ta biyu ba ta nemi kowa ba, shi ne ya zo ya zauna a gabanta da furfurar da ta fara fito masa a gefen kunne.

Ta san abin da ke gabanta sarai. In ta yi shiru runduna za ta tafi, watakila ma wasu su kutsa su kai gare shi, kuma babu mai zarginta har abada, tunda babu wanda ya tambaye ta. In ta yi magana babu mai zuwa Talgo, kuma da bakinta za ta tare hanyar. Ta tuna mutum dubu ukun nan, da yawansu ta ga ranar sunansu. Ta yi kuka ba sauti, ta wanke fuska, ta sa kwalli don kada a gane, ta yi salla.

Da la'asar majalisa ta sake cika. Makaɗa suna tsaye a waje da tambura, jira kawai suke. Sarki ya ce, "Akwai mai sauran magana?"

"Akwai, Allah ya taimaki Sarki."

Kowa ya waiwaya. Magajiya ta janye mayafi daga fuska. Ta ce, "Yau zan yi abin da ba a yi, manya su yafe mini. Zan yi magana a kan mutumin nan na Talgo.

"Barde ya ce bai taɓa jin ya ce ya gaji ba. Gaskiya ne, ba a gaban Barde zai faɗa ba. Waziri ya ce ta farko ta fi kyan ƙira. Ita ce ta fara ba ni tsoro. Mutumin da ya yi wata huɗu a kan ganuwa, yana raba dawa da tafin hannu, yana binne mutanensa, ina ya ga zaman da zai goge baiti har ya yi santsi? Wanda ya tsara ta farko a inuwa ya zauna, cikinsa a ƙoshe.

"Sannan ku sake sauraronta. Babu kowa a cikinta sai mai doki. Ina matarsa Hakama, da ta rasu a hanyarmu ta fitowa muka binne ta a gindin gawo? Ina ƙanensa da aka kashe a Ƙofar Gabas yana tsare wa Sarki baya? Tun da muka hau dutsen nan, mutumin nan bai taɓa cin abinci da abokansa ya tashi bai ambaci wani da ya rasu ba. Ni na sani, don ina ji. Shi ne zai ce wanda ya gaji ya kauce masa a hanya? Shi da ya goyo tsohon bawansa tun daga gindin dutsen nan har sama? Shi ne zai ce jiya ba tasa ba ce, alhali duk fataken da suka zo sai ya tambaye su ko rijiyar gidan ubansa tana nan da ruwa?

"Wanda ya tsara ta farko ya san shi, ban musa ba. Ya san yadda yake jera magana, ya san zafin kansa. Amma sanin shekara goma sha biyu da suka wuce ya yi masa. Mutum ɗaya ne ya san shi haka kuma bai sake ganinsa ba, shi ne malamin da ya koya masa waƙa, Malam Zailani, wanda ya zauna a birni wajen Arzika. Ta biyu tana tuntuɓe saboda mai ita a gajiye yake. Ita ce tasa."

Ta dubi Sarki, sannan ta ƙarasa. "In an tsara waƙa don a kira ku mashiga, to akwai mai jiran ku a mashiga. Kada ku je."

Barde ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Sarki ya dubi yayarsa kamar yau ya fara ganinta. Can ya ce, "Na karɓi maganar Magajiya. A kama mai zobe."

Dogarai ba su ma kai ga taɓa shi ba Sodangi ya zube yana neman a bar masa rai. Ya ce tun wata biyu aka kama shi ya koma wajen Arzika. Zoben daga hannun gawa aka zare shi a bakin gulbi, waƙar kuwa kwana uku Malam Zailani ya yi yana koya masa. Arzika da kansa yana kan tuddan mashiga da mutum dubu takwas, 'yan baka a cikin duhuwa dama da hagu. Ya kwashe kowa, bai bar wa Kwarsana ba sai tsofaffin dogarai kamar ɗari uku.

Waziri ya ɗaga kai a hankali. "Zaki, daga nan zuwa Kwarsana ta Dajin Gawo kwana biyar ne, kuma babu gulbi a tsakani."

Babu wanda bai gane abin da yake nufi ba. Abin da suka yi shekara goma sha biyu suna mafarki ne ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Sai Sarki ya miƙe tsaye. Ya sauko daga kan gado, abin da ba a taɓa gani ba a tsakiyar majalisa, ya durƙusa kusa da tabarmar Magajiya ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ɗanki ne, ɗana ne. Yana da rai har yanzu, tunda Talgo ba ta faɗi ba. In kin ce mu bi mashiga, wallahi mu bi, ko Arzika ya tara mutanen duniya."

Ta dubi bango, kamar yadda take yi in yaron ya zo gaisuwa. Ta ce, "Ya riga ya gaya maka abin da za ka yi. Kai ne madugun. Tashi ka koma wurinka, mutane na kallo."

Aka buga tambari. Washegari runduna ta sauka daga dutse, aka bar wasu suna kaɗa ganguna suna tayar da ƙura a farkon hanyar mashiga, can gindin dutse, don 'yan leƙen asirin Arzika su gani, sauran suka karkata yamma suka shiga Dajin Gawo. Barde ne a gaba, bai sake yi wa kowa gardama ba. Suka yi kwana biyar suna tafiya ba kakaki ba kirari, an ɗaure bakin dawaki in an zo kusa da ƙauye.

Ranar ta shida da hantsi suka ɓullo wa Kwarsana ta kudu. Dogaran Arzika suka rufe ƙofofi suka hau ganuwa, kibau suka fara sauka. Barde ya kai hari Ƙofar Gabas sau biyu aka mayar da shi, dokinsa ya faɗi, aka sare shi a cinya, ya hau wani. Ana cikin haka sai aka busa kakakin Sarki Tanimu, wanda birni bai ji ba shekara goma sha biyu. Mutanen gari suka gane muryarsa. Marina suka fito daga karofi da hannuwansu shuɗi, da muciyoyin rini a kafaɗa, suka far wa masu tsaron ƙofarsu suka zare sakata. Ta nan 'yan lifidi suka kwarara cikin gari. Kafin azahar an gama, Sarki ya sauka a fadar ubansa ya yi sujada a kan ƙasa.

Da labari ya kai mashiga rundunar Arzika ta watse, don yawancinsu iyalansu na cikin birni. Hakimai suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna faɗuwa. Arzika ya tsere gabas da 'yan barorinsa, ba a sake jin ya tara mutum ɗari ba.

Bayan mako biyu aka kawo mata da yara da tsofaffi daga dutse. Magajiya ta shiga birni a kan taguwa, mata na guɗa, waɗanda ta bari 'yan mata sun zama iyaye. Ta sami gidanta rufin zaure ya rufta, wani ya ɗaure awaki a tsakar gida. Ta tsaya tana duban wurin tana jiran daɗin da ta yi shekara goma sha biyu tana tanadi, bai zo ba. Ta sa aka share ɗaki ɗaya ta shiga.

Kwana uku da isowarta mutum goma sha bakwai suka shigo birni daga Talgo, su ke nan suka rage cikin ɗari huɗu. Babbansu Sarkin Baka ne, shugaban 'yan bakan Madaki, wani tsoho mai ido ɗaya. Ya kai wa Sarki labari, sannan ya roƙi a kai shi wajen Magajiya. Aka yi masa iso, ya durƙusa a bakin ƙofa, tana zaune a ciki ta ba shi gefe.

"Allah ya ba ki haƙuri, Magajiya. Madaki ya cika a kan ganuwa, da takobi a hannu. Mu muka yi masa sutura, mun san wurin."

"Allah ya jiƙan musulmi," in ji ta. Sannan ta ce, "Bayan ya aiko da waƙa, kwana nawa garin ya yi?"

"Goma sha ɗaya."

Ita da shi duk sun san daga dutse zuwa Talgo tafiyar kwana uku ce kawai.

Sarkin Baka ya ce, "Abin da ya kawo ni ke nan, ranki ya daɗe. Mun ji an kama zobe, Madaki ya san za a yi amfani da shi. Ya ce mana Barde zai ruɗu, Waziri zai tsaya a tsakiya, Sarki zai bi zuciyarsa. Kullum da safe sai ya hau ganuwa ya dubi hanyar mashiga. In ya ga babu ƙurar runduna sai ya sauko ya ce, alhamdu lillahi, tsohuwa ta gane. Kullum haka, har ranar ƙarshe. Na ce ba zan mutu ban gaya miki ba."

Magajiya ta gyara mayafinta. Tsohon ya yunƙura zai tashi, sai ya ji ta yi magana, a hankali ƙwarai.

"In ya hau yana duban hanyar, yakan jima?"

Sarkin Baka ya so ya yi mata ƙarya, ya dubi fuskarta ya ga ba za ta karɓa ba.

"Yakan jima, Magajiya," ya ce. "Wata rana har sai mun je mun kira shi."